Taswira a Hannunmu, Iska a Hannun Allah: Tsokaci Kan Shirin Hutu a Gaɓar Sisili

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa bayinsa tudu da teku. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Mabuɗi

Watanni uku ke nan muna kai-komo, ni da wasu abokaina huɗu, a kan wata tafiya da muka ɗaura wa aniya. Ɗaya daga cikinmu ya daɗe yana zaune a Turai, har ya koyi tuƙin jirgin ruwa mai filafilai, wato irin jirgin nan da ake ɗaga masa manyan ƙyallaye iska ta riƙa tura shi. Shi ne ya kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu ɗauki hayar ƙaramin jirgi na mako biyu a lokacin zafi na Turai, wanda ya yi daidai da daminarmu, mu bi gaɓar tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, wanda Larabawa ke kira Siƙilliyya.

Tun ba a je ko'ina ba maganar ta jefa ni tsakanin mutum biyu da nake ganin girmansu. Shi abokin namu ya aiko da jadawali mai cike da sa'o'i da mintoci, cewa za mu kewaye tsibirin gaba ɗaya cikin kwana 14, kowace rana da garin da za a kwana, washegarin ranar ƙarshe kuma kowa ya kama jirgin sama zuwa gida. Yayana kuwa da ya ji labari cewa ya yi: “Kai yanzu da hankalinka, kuɗin da za ka iya zuwa Umra da su za ka kai teku ka zubar? Wannan ai almubazzaranci ne da neman halaka.” Ban yarda da jadawalin abokina ba, ban kuma yarda da hukuncin Yaya ba, abin da ya sa kowannensu ya ɗan yi fushi da ni. Ra'ayina shi ne tafiyar halas ce, tana ma iya zama alheri, amma da sharaɗin a gina shirinta a kan abu biyu: salla, da kuma 'yancin fasa tashi a duk ranar da teku ta ƙi. Ga dalilaina.

Me Ya Sa Sisili?

Bari in fara da Yaya, domin shi ne babba. Da a ce yawon shan iska kawai nake nema, da ban ja da shi ba. To amma duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu a ƙasarmu yana da alaƙa da wannan tsibiri ko bai sani ba. Sisili shi ne tsibiri mafi girma a Bahar Rum, kuma tsakaninsa da gaɓar Tunisiya bai fi kimanin kilomita 150 ba. A shekarar 827 Miladiyya rundunar Musulmi ta taso daga garin Susa ta sauka a Mazara, a kudu maso yammacin tsibirin, kuma wanda ya jagorance ta alƙalin Ƙairawan ne, Asad ibn al-Furat, dattijo ɗan kimanin shekara 70. Wannan malami ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, ya je Iraƙi wajen almajiran Imamu Abu Hanifa, sannan ya zauna da Ibn al-Ƙasim a Masar ya tattara littafinsa Asadiyya, wanda Sahnun ya sake tacewa har aka sami Mudawwana. A shekarar 828 ya rasu a bakin garin Sirakusa sakamakon annoba da ta afka wa rundunar. Birnin Palermo ya shiga hannun Musulmi a 831, ya zauna a hannunsu har 1072 lokacin da Normawa suka karɓe shi.

Bugu da ƙari, mai karatu, idan ka buɗe gabatarwar Muhtasar na Shehu Halilu za ka tarar ya ware malamai huɗu da yake nuni ga ra'ayoyinsu da kalmomi na musamman: Lahami, da Ibn Yunus, da Ibn Rushdi, da Maziri. Biyu daga cikinsu ana jingina su ga wannan tsibiri, domin Ibn Yunus ana yi masa laƙabi da Siƙilli, shi kuwa Maziri, wanda ya rasu a 1141, sunansa daga garin Mazara ya samo asali. A Palermo ne kuma Idrisi ya kammala shahararren littafinsa na labarin ƙasa da taswirar duniya a 1154, a fadar Sarki Roja na Biyu. Bayan duk wannan ɗaukaka, a ƙarni na 13 aka kwashe ragowar Musulmin tsibirin zuwa garin Lucera a can cikin Italiya, a 1300 kuma aka tarwatsa wannan matsuguni. Yau sai sunayen garuruwa irin su Marsala, mai ɗauke da kalmar Larabci ta tashar jirgi, da tsarin wasu tsofaffin unguwanni. Alƙur'ani a wurare da dama ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa domin duba yadda ƙarshen al'ummun da suka gabata ya kasance, kuma ni ban ga inda aka ce wannan dubawa ta tsaya ga kafirai kaɗai ba. Daular da ta fitar da irin waɗancan malamai ta wayi gari babu ita, wannan wa'azi ne da ya kamata Musulmi ya gani da idonsa, musamman ta fuskar ruwa, inda su magabatan suka fara hango ta.

Abin da Malam Ya Faɗa

Duk da haka ban tsaya ga son raina ba, na kai maganar gaban Malaminmu. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ga abin da muke shiri, ga kuma abin da Yaya ya ce.” Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni: “To, yaya za ku yi da salla?” Alal haƙiƙa kunya ta kama ni, domin a cikin shafuka shida na jadawalin abokinmu an faɗi inda za a sayi mai, da inda za a ci kifi, da kuɗin kwana a kowace tasha, amma ko sau ɗaya ba a ambaci salla ba, mu biyar kuma babu wanda ya lura.

Malam ya jawo Muhtasar ya nuna mini a babin aikin Hajji cewa malamanmu sun ɗauki hanyar teku daidai da hanyar tudu, sai fa in halaka ta fi rinjaye, ko kuma mutum ya san jiri da amai za su sa ya tozarta wani rukuni na salla. Ya ce: “Ka gani, in Hajji da yake farilla an gindaya masa wannan sharaɗi, ina ga yawonku?” Daga nan ya zayyana mana hukunce-hukunce. Ana yin ƙasaru a teku kamar yadda ake yi a tudu in tafiya ta kai mil 48, amma in an yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda, sai a cika. Haɗa salloli biyu saboda tafiya kuwa, a mash'hurin mazhabar Malikiyya rangwame ne na tafiyar tudu, ko da yake Shafi'iyya da Hanbaliyya sun yalwata shi har ga matafiyin teku. Mai salla a jirgi zai tsaya in yana iyawa, ya fuskanci alƙibla, ya kuma juya tare da ita in jirgi ya juya kuma akwai hali. Ruwan teku yana tsarkakewa, kifinsa kuma halas ne, kamar yadda ya zo a hadisin da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa.

Waɗannan hukunce-hukunce su suka fara sauya jadawalin. A ƙarshen watan Yuni alfijir na ketowa a Sisili wajen ƙarfe huɗu na asuba, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi na dare, wato dare gajere ne ƙwarai, wanda ya yi hira har sha biyu da wuya ya ga asuba. Alƙiblar can tana kudu maso gabas, wajen digiri 119 a kamfas, saɓanin yadda muka saba a gida inda muke fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa. Jirgin da aka jefa wa anga kuma ba ya tsayawa cak, yana lilo ne yana bin iska, ta yadda inda ka fuskanta da magariba ba lalle ya zama nan ne da lisha ba. Saboda haka muka tsara cewa za a riƙa tashi bayan asuba, a isa masauki kafin lokacin azahar ya fita, domin mafi yawan sallolinmu su same mu a ruwa mai natsuwa ko a kan tudu. Wanda ya fara da wannan lissafi zai ga da kansa cewa tafiyar sa'o'i takwas kullum ba ta yiwuwa.

Jadawalin da Ba Ya Lanƙwasa

Wannan ya kawo ni kan saɓanina da abokina. Gaɓar Sisili ta haura kilomita 1,000, irin jirgin da za mu hau kuwa gudunsa bai wuce kimanin kilomita 9 zuwa 11 a sa'a ba. Ko an yanke lunguna, kewaye tsibirin zai ci sa'o'i 90 zuwa 100 a kan ruwa, wato kimanin sa'o'i shida da rabi zuwa bakwai kowace rana, babu hutu, babu rashin lafiya, babu ranar da iska za ta juya mana baya. Alhali kuwa a wannan teku akwai iskar arewa maso yamma da suke kira Maestrale, wadda kan yi ƙarfi a yammacin tsibirin, akwai kuma Shirokko mai zafi da ke tasowa daga Sahara. Daɗin daɗawa dole a ratsa mashigin Mesina, wanda a ƙuntataccen wurinsa bai fi kilomita 3 da 'yan kai ba, inda ruwa ke gudu kamar kogi yana sauya fuska kusan duk bayan sa'o'i shida.

Abokina ya ce ai lokacin zafi ne, teku a kwance take, ga na'urori masu faɗin yanayi tun kwanaki kafin ya zo. Ban musa amfanin na'ura ba. Abin da na ce masa shi ne, na'ura za ta gaya maka iska na zuwa, amma tikitin jirgin saman da ke aljihunka shi zai hana ka saurara. Mutumin da ya san dole ya mai da jirgin haya ranar Juma'a da yamma, ya kuma kama jirgin sama ranar Asabar, in ya wayi gari Laraba yana nesa ga sama ta ɓaci, zuciyarsa za ta yi ta kawo masa hujjojin fita. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, a teku kuwa abin da yake haifa ya fi nawa muni.

Tarihin wannan gaɓa ya ishe mu shaida. Ibn Jubair, marubucin nan na Andalus, da yake komowa daga Hajji ya hau jirgin mutanen Jenowa daga Akka a watan Oktoba na 1184, lokacin da kakar tafiyar teku ta riga ta ƙure. Sun yi kusan wata biyu iska na wasa da su, guzuri ya yi ƙaranci, daga ƙarshe jirgin ya daki gaɓa a mashigin Mesina cikin dare, a watan Ramadan na 580 Hijiriyya. Ya ba da labarin cewa Sarki Wiliyam na Biyu da kansa ya fito bakin ruwa, har ya biya wa talakawan Musulmi kuɗin kwale-kwalen da suka kwashe su. In kuwa wani ya ce wancan zamanin da ne kuma lokacin sanyi ne, to a ranar 19 ga Agusta 2024, a tsakiyar lokacin zafi, wani katafaren jirgin shaƙatawa mai suna Bayesian, mai tsawon mita 56, ya nutse kafin wayewar gari a kusa da Porticello, gabas da Palermo, yana tsaye a kan angarsa, bayan wata guguwa ta auka masa farat ɗaya. Mutum 22 ne a ciki, bakwai suka rasa rayukansu. Jirgin attajirai ke nan mai ƙwararrun ma'aikata, ina ga namu ɗan ƙarami?

A nan ne nake ganin mutanenmu kan kasu biyu, kuma duka ɓangarorin suna da gyara. Wasu sun ɗauka tawakkali shi ne a hau ruwa ba rigar kariya, ba tambaya, a ce abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Wasu kuma, musamman mu da muka yi boko, mun ɗauka in an cika takarda da lissafi an gama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Annabi Yaƙub ya tsara wa 'ya'yansa yadda za su shiga gari ta ƙofofi daban-daban, a lokaci guda kuma ya sanar da su cewa dabararsa ba ta tunkuɗe hukuncin Allah. Suratul Kahfi ta hana mu yanke cewa za mu yi abu gobe ba tare da jingina shi ga mashi'ar Allah ba. To ni a fahimtata, “in sha Allahu” da ake faɗa da baki alhali jadawali bai bar ko rana ɗaya ta ko-ta-kwana ba, magana ce da aiki ya ƙaryata. Wanda ya gaskata cewa iska ba a hannunsa take ba, za a ga alamar haka a takardarsa.

Inda Muka Tsaya

Bayan doguwar muhawara, wadda har ta kai abokina ya ce in ba na so in fita a nemi wani, Allah ya sa muka daidaita. Mun haƙura da kewaye tsibirin. Za mu tsaya a yammacinsa kawai: Marsala, da Mazara inda Asad ya sauka, da Trapani inda Ibn Jubair ya yi jiran jirgi har ya tashi a watan Maris na 1185, da ƙananan tsibiran Egadi uku, wato Favignana da Levanzo da Marettimo, waɗanda mafi kusa a cikinsu bai fi tafiyar sa'o'i biyu zuwa uku daga gaɓa ba. Mun zaɓi ƙarshen Yuni domin kauce wa cunkoson Agusta, lokacin da Italiyawa ke hutunsu na shekara. Daga cikin kwana 14 mun bar huɗu babu komai a rubuce, kuma mun sa kwana biyu tsakanin mai da jirgi da tashin jirgin sama. Kowa zai sa rigar kariya daga nutsewa in an ce a sa, babu gardama, kuma kowa zai koyi kiran neman agaji a tasha ta 16 ta rediyon jirgi. Tsibiran Egadi yanki ne da hukuma ta keɓe tun 1991 domin kare halittun ruwa, akwai wuraren da aka hana jefa anga saboda ciyawar ƙarƙashin teku, mun kuma yi alkawarin kiyaye wannan doka a matsayin amana.

Mun kuma naɗa shi abokin namu amirin tafiya, bin hadisin Abu Dawuda da ya umarci matafiya uku su shugabantar da ɗayansu. Ja-in-jar da na yi da shi a tudu take, in an hau ruwa maganarsa ce ta ƙarshe. Sharaɗi ɗaya muka gindaya masa: ko mutum guda ne ya ce hankalinsa bai kwanta da fita yau ba, za a zauna a saurare shi ba tare da an yi masa dariya ba. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke cikin Buhari ya kwatanta al'umma da mutanen da suka haɗa jirgi ɗaya, in an ƙyale na ƙasa suka huda rabonsu kowa zai halaka. Mu kam ba misali ba ne a wurinmu, jirgin ne za mu hau.

Abin da Ya Rage a Maganar Yaya

Ba zan rufe ba sai na amsa cewa akwai wani yanki na maganar Yaya da har yanzu yake ci mini rai. Ruwan da za mu shiga domin hutu shi ne ruwan da dubban 'yan Afirka suke shiga domin neman tsira, da yawansu kuma ta Agadas suka bi suka ƙetare Sahara kafin su kai gaɓar Libiya. A ranar 3 ga Oktoba 2013 jirgi guda ya kife kusa da tsibirin Lampedusa, kudu da Sisili, mutum fiye da 360 suka mutu, akasarinsu 'yan Eritiriya. Mu muna da fasfo da biza da rigar kariya, su ba su da ko ɗaya, kuma ba wayonmu ne ya ba mu ba. Ba ni da amsar da za ta share wannan. Iyakar abin da muka iya shi ne mun ware wani kaso na kuɗin tafiyar domin sadaka, mun rage kwanakin kwana a tashoshi masu tsada, mun kuma yi wa juna alkawarin cewa in muka ji kiran wanda ke cikin haɗari, hutu ya ƙare ke nan har sai an yi abin da shari'a da dokar teku suka wajabta. Umra kuwa na gaya wa Yaya tana nan a niyyata, ya ce zai riƙa tuna mini, na kuma san zai yi.

Kammalawa

Suratu Yunus da Ankabut da Luƙman duk sun ba da labarin mutanen da ke tsarkake addu'a ga Allah in igiyar ruwa ta rufe su, da zarar sun taka tudu kuma sai su koma gidan jiya. Abin da na fi tsoro wa kaina ke nan, fiye da guguwa. Shi ya sa nake so tuna Allah ya shiga tafiyar tun tana takarda, lokacin da babu igiya babu tsoro. Duk ɗan'uwan da ke shirin irin wannan hutu, a teku ne ko a tudu, ina ba shi shawara ya ɗauko jadawalinsa ya duba abu biyu: ina salla za ta same shi kowace rana, kuma in Allah ya ƙaddara jinkiri, akwai wurin da ya bar masa?

Ina roƙon masu karatu su sa mu a addu'a, wanda kuma ya ga kuskure a hukunce-hukuncen da na kawo ya gyara mini, domin ni ɗalibi ne. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya jiƙan waɗanda teku ta ci, ya sa mu dace duniya da lahira, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.